Tafawa Ɓalewa: shi ke riƙe da linzami ko Kaduna ce ke ja?

Ummi Ɗaliba
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Gardama ce ta kaure a ajinmu kan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Najeriya na farko, har aka tashi ba a daidaita ba. Wasu sun ce ƙasar nan ba ta taɓa samun shugaba mai tsabtar hannu kamarsa ba. Wasu kuma sun ce ai ba shi ke mulki ba, Sardauna ne ke ba da umarni daga Kaduna, shi yana aiwatarwa a Legas, shi ya sa da wuta ta tashi a Jihar Yamma ya kasa kashe ta. Don Allah masu sani su warware mini.

Tsohon Hedimasta
Wa alaikumus salam 'yata. Duk mai cewa Malam Abubakar ɗan aike ne kawai, to bai san inda mutumin ya fito ba. An haife shi a 1912 a garin Tafawa Ɓalewa cikin ƙasar Bauchi. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala ba basarake ba ne, hidima yake yi a gidan hakimi. Allo ya fara, sannan boko a Bauchi, sannan Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933. Ya dawo ya kama alli a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. A wancan lokacin ne ya rubuta Shaihu Umar, cikin gasar rubutun Hausa da aka shirya a Zariya a 1933. A 1945 ya tafi Landan karatun koyarwa na shekara guda, yana dawowa aka zaɓe shi Majalisar Jihar Arewa, daga can kuma Majalisar Dokoki ta Ikko, wato Legas, a 1947.

Abin da nake so ki riƙe shi ne na watan Agusta 1950. A Kaduna, a gaban Turawa da wakilan sarakuna, ɗan talaka ya miƙe ya kawo batun cewa mulkin En'e na bukatar gyara, cewa talaka ba shi da ta cewa a harkar da ake yi da harajinsa, kuma cin hanci ya yi katutu. Ku yaran yanzu ba za ku gane nauyin wannan ba. Zamani ne da mutum zai cire takalmi tun daga nesa idan ya hango hakimi. Sarakuna da dama ba su ji daɗi ba, amma maganar ta wuce, kuma daga nan aka fara sa wa sarki majalisar da dole ya saurara. Mai wannan zuciyar ba a ce masa ɗan amshin shata.

Ɗan Sawaba
Allah ya gafarta Malam, na yarda da batun 1950, amma ina aka kwana bayan nan? A Bauchin nan tare suke da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur, tare suke zaman tattaunawa tun wajen 1943. Su biyun suka ɗauki maganar talaka suka tafi da ita har ƙarshe. A cikin watan Agustan 1950 ɗin nan aka kafa NEPU, jam'iyyar talakawa, a Kano. Shi kuwa sai ya zauna a NPC, jam'iyyar da ta jingina da sarakunan da ya soka, har ya zama mataimakin shugabanta, Sardauna. Kakana tela ne, an ɗaure shi wata shida a kotun alƙali saboda lacca kawai ya je saurare, kuma an aske masa kai an yi masa bulala. Wannan ya faru ne lokacin da Sir Abubakar ke kan kujera a Legas. Bai ɗaure kowa da hannunsa ba, amma jam'iyyarsa ta ci moriyar ɗaurin a kowane zaɓe.

Barista
Yaya Ɗan Sawaba, Allah ya jiƙan kaka. Sai dai a duba yadda aka tsara ƙasar. 'Yan doka, kotunan alƙalai da gidajen yari na En'e duk a hannun gwamnatin jiha suke, wato Kaduna. Firayim Minista ba shi da ikon cire alƙali a Kano ko a Katsina. Idan laifi za a ɗora masa a nan, laifin shiru ne.

Ni inda nake ganin ya kamata a tsaya a yi masa hisabi shi ne Yamma, domin can ikon yana hannunsa. A watan Mayu 1962 jam'iyyar AG mai mulkin Yamma ta dare biyu tsakanin shugabanta Awolowo da firimiyan jihar Akintola. Gwamnan jihar ya sauke Akintola ya naɗa Adegbenro. Da majalisa ta zauna a Ibadan sai aka ba hammata iska, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa. Cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta tura Dakta Majekodunmi ya zama kantoma. Da wa'adin ya cika, Akintola aka mayar kan kujera ba tare da sabon zaɓe ba. Kotun ƙoli ta Landan ma da ta yanke cewa sauke shi ya halatta, sai aka gyara tsarin mulkin jihar aka mayar da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza. A Satumba 1963 aka yanke wa Awolowo shekara 10 kan cin amanar ƙasa.

To sai a zo Oktoba 1965. An yi zaɓen Yamma ranar 11 ga wata, maguɗin ya fito fili, jama'a suka ɓarke, ana zuba wa mutane da gidaje fetur ana cinna wuta, an tare hanyoyi, rayuka suna ta salwanta har wata uku. Ba a kafa dokar ta-ɓaci ba. Rikicin cikin zauren majalisa ya jawo ta a 1962, kisan kan titi bai jawo ta a 1965 ba. Bambancin kawai shi ne a 1965 Akintola abokin ƙawancen NPC ne. Wannan tambayar ce ban taɓa jin masoyinsa ya amsa ta yadda zuciya za ta natsu ba.

Injiniya
Barista kullum ku sai shari'a. A zo a yi maganar abin da ido ke gani. Tun yana ministan ayyuka a 1952, sannan na sufuri, mutumin nan hankalinsa na kan hanya da ruwa da dogo. Layin dogon da ya tashi daga Kuru ya bi Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, zamaninsa ne. Madatsar Kainji a 1964 aka fara, aka gama a 1968 bayan ransa, kuma har gobe tana cikin masu ba mu wuta. Gadar Kwara tsakanin Asaba da Onitsha an kammala ta ƙarshen 1965. Matatar mai ta farko a Fatakwal 1965. Jami'ar Legas 1962. Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna da rundunar sojan sama duk 1964. Kuma a lura, da kuɗin gyaɗa da koko da auduga da kwakwar manja aka yi yawancin wannan, man fetur bai zama komai ba tukuna. Shekara biyar da 'yan watanni kacal ya yi bayan 'yancin kai.

Ɗan Sawaba
Injiniya, ba wanda ya ce bai yi aiki ba. Amma ma'aikatan da suka shimfiɗa dogon su ne suka tafi yajin aikin gama-gari a Yuni 1964 saboda albashi, alhali wasu ministoci na facaka. Tsabtar hannunsa gaskiya ce, ban taɓa jin ko abokin hamayya ya ce ya saci kwabo ba. Sai dai shugaba ba kansa kaɗai zai tsare ba, har da waɗanda ya ɗauko.

Ɗan Damagaram
Ku ba ni dama ni baƙo daga Nijar in sa baki. Abin da ya sa dattawanmu ke ganin girmansa daban ne da naku. A 1960 Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane, cikin Saharar Aljeriya. Mu ne maƙwabtan wannan hamada, iskar hunturu kuma ba ta san iyaka ba. Yawancin ƙasashenmu da Faransa ta rena ba su isa su ɗaga murya ba. Bayan gwaji na uku, a Janairu 1961, gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragenta sauka da tsayawa a tashoshin Najeriya. Ƙasa mai wata uku da samun 'yanci ta yi wa De Gaulle haka. Mutumin da ake cewa mai sanyi ne.

A shekarar dai yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila saboda wariyar launin fata. Ya tura soja da 'yan sanda Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Kuma da aka taru a Addis Ababa a Mayu 1963 don kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ra'ayin ɓangarensa, wanda ake kira na Monrovia, ne ya yi rinjaye a kan na Nkrumah na Ghana: a haɗa kai sannu a hankali, kowace ƙasa da iyakarta, babba kada ta haɗiye ƙarama. Mu ƙananan maƙwabta mun amfana da wannan.

Barista
Malam na Damagaram ka kawo magana mai kyau. A ƙara da cewa gwamnatinsa ce ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila, wadda ɗalibai suka yi wa bore har aka soke ta a Janairu 1962. Masu suka na cewa ya cika jingina da Turawa. Masu yabo na cewa ya ji kukan jama'a ya janye. Duka biyun sun faru.

Hajiya Uwani
Ni tambayata ɗaya ce ga masu yabo. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa ba su jefa ba. A 1964 ma haka. Mahaifiyata ta haifi 'ya'ya har sun girma kafin ta taɓa riƙe takardar zaɓe, domin sai a shekarun 1970 aka ba mu wannan dama. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri a kan wannan magana. Malamin makaranta ne shi, ya je Landan ya ga yadda ake yi, yana zaune a Legas inda mata ke layin zaɓe. Me ya hana shi cewa uffan?

Tsohon Hedimasta
Hajiya, tambayarki na kan hanya, kuma ba ni da amsar da za ta wanke shi tas. Matsayin jam'iyya ne, shi kuma bai fita daga jam'iyya ba. Amma bari in ba ku abin da ke nuna ba kullum yake bin Kaduna ba. A 1960 gwamnatin tarayya ta karɓi rance da taimako daga Isra'ila. Sardauna ya fito fili ya ce Arewa ba ta so, ba ta ciki. Malam Abubakar bai fasa ba, ya tsaya a kan cewa hulɗa da ƙasashen waje ta tarayya ce, kuma ofishin jakadancin Isra'ila ya ci gaba da zama a Ikko. Ko ka yarda da shawarar ko ba ka yarda ba, ta nuna akwai wurin da yake cewa nan gonata ce.

Sannan ku dubi yadda ra'ayinsa ya juya. A ƙarshen shekarun 1940, a Majalisar Ikko, shi ne mai cewa haɗin kan Najeriya a takarda kawai yake, Turawa ne suka ƙulla shi. A 1953 bayan ƙudurin neman mulkin kai da Anthony Enahoro ya kawo majalisa da rikicin Kano, Arewa ta kusa ɓallewa. Amma da ya je Amurka a 1955 duba yadda ake sufuri a kogin Mississippi da Ohio, ya ga mutane iri-iri sun zama ƙasa ɗaya, sai ya dawo da wata fahimta. Da ya zama Firayim Minista a 1957 ya jawo har 'yan AG cikin gwamnati, Akintola kansa minista ne a lokacin. Ranar 1 ga Oktoba 1960 a filin sukuwa na Ikko, shi ya karɓi takardun 'yanci daga hannun Gimbiya Alexandra. Ranar 7 ga wata yana New York, Najeriya ta zama ƙasa ta 99 a Majalisar Ɗinkin Duniya. Mu da muka ji muryarsa a rediyo mun san dalilin da ya sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Ba ya sauri, ba ya ihu, kowace kalma sai ta zauna kafin ta gaba ta zo.

Ummi Ɗaliba
Baba na gode. To amma idan har yana iya saɓa wa Sardauna kan Isra'ila, me ya sa bai saɓa masa kan Akintola ba? Wannan ne ya fi ɗaure mini kai.

Barista
Ƙanwata, lissafin kujeru ne. Majalisar wakilai tana da kujeru 312. A 1959 NPC ta ci 134, ba ta isa kafa gwamnati ita kaɗai ba, sai ta haɗa da NCNC ta Azikiwe. Auren bai yi daɗi ba. Ƙidayar 1962 aka soke ta saboda gardama, aka sake a 1963, aka ce ƙasar miliyan 55.6 ce, Arewa na da kusan miliyan 29.8. Firimiyan Gabas Michael Okpara ya ƙi amincewa. Daga nan NPC ta san tana bukatar sabon aboki a Kudu, abokin kuwa shi ne Akintola da jam'iyyarsa NNDP. Rancen Isra'ila bai taɓa kujerar kowa ba. Sakin Akintola kuwa yana nufin Yamma ta koma hannun UPGA, ƙawancen NCNC da AG da NEPU da UMBC ta Joseph Tarka. Ga NPC wannan batun rai da mutuwa ne. Shi kuma Sir Abubakar kujerarsa a kan ƙuri'un 'yan majalisar NPC take, shugaban NPC kuwa yana Kaduna.

A tuna da zaɓen 30 ga Disamba 1964. UPGA ta ƙaurace, a Gabas ba a yi zaɓen ba sam, a Arewa kujeru da yawa an ce ba hamayya domin 'yan adawa sun kasa ko miƙa takardunsu. Azikiwe a matsayin shugaban ƙasa ya ƙi kiran Sir Abubakar ya kafa gwamnati, ƙasa ta yi kwanaki ba a san inda aka dosa ba. Alƙalin alƙalai Adetokunbo Ademola na cikin waɗanda suka shiga tsakani, sai ranar 4 ga Janairu 1965 aka sasanta a kan gwamnatin da za ta haɗa kowa. Haƙurinsa ya yi rana a nan. Ina jin shi ya sa ya ɗauka na Yamma ma zai lafa da haƙuri.

Injiniya
To ai ka faɗa da bakinka. Mutum ya gaji ƙasa mai jihohi uku, huɗu bayan an yanke Tsakiyar Yamma a 1963, kowane firimiya ya fi ƙarfin a taɓa shi a gidansa. Wa zai iya abin da ya fi haka? Kuma da ya tura soja Yamma, da yanzu ana cewa Bahaushe ya murƙushe Yarabawa.

Ɗan Sawaba
Ai an tura soja ƙasar Tibi a 1964, Injiniya, lokacin da magoya bayan Tarka suka yi bore. A can ba a ce a yi haƙuri ba. Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu: inda 'yan adawa ke da ƙarfi hannu na da sauri, inda aboki ke mulki hannu na da nauyi. Amma kada wani ya fahimce ni a karkace. Abin da aka yi masa a Janairu 1966 zalunci ne tsagwaronsa. Kakana da aka ɗaure, da ya ji labari kuka ya yi. Hamayya daban, zubar da jini daban.

Tsohon Hedimasta
Allah ya yi maka albarka ɗana. Ina ɗan makaranta a lokacin, cikin azumi ne, goman ƙarshe. Ranar Asabar 15 ga Janairu aka wayi gari rediyo ba ta faɗin komai sai kiɗan soja. An ji na Sardauna da wuri, an ji na Akintola. Na Malam Abubakar kuwa sai aka ce an tafi da shi, ba a san inda yake ba. Kusan mako guda mutanen Bauchi na zaune a ƙofar gida bayan an sha ruwa, rediyo a tsakiya, kowa na cewa wataƙila yana raye, domin wa zai kashe mutumin da bai taɓa zagin kowa ba? Sai aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta, aka kawo shi gida ana shirin sallah. Kwana uku kafin a ɗauke shi yana shugabantar taron shugabannin ƙasashe renon Ingila kan rikicin Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin taron a wajen Landan, Firayim Ministan Ingila Harold Wilson ma ya zo. A dare ɗaya aka kashe shi da ministan kuɗi Okotie-Eboh da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Wanda ya je kabarinsa a Bauchi ya ga 'yan kayan da ya bari a ɗakin ajiya, ba sai an yi masa dogon bayani kan yadda ya rayu ba.

Hajiya Uwani
Allah ya jiƙansa ya gafarta masa. Baba, wannan taron na Rodeshiya shi ne ke ci mini rai. Ana zaune a Legas ana neman mafita ga wata ƙasa, alhali hanyar Ibadan ba ta biyuwa saboda wuta.

Barista
Haka ne Hajiya, kuma jaridun Legas na lokacin sun yi wannan ƙorafin. Abin da doka ta ba shi a Nuwamba 1965 a fili yake, domin ya riga ya yi amfani da shi shekara uku kafin nan: ya kira majalisa, a kafa dokar ta-ɓaci, a naɗa kantoma wanda ba na kowa ba, a sake zaɓe ƙarƙashin idon tarayya. Injiniya na cewa da an zarge shi da murƙushe Yarabawa. Ni ina ganin akasin haka, domin waɗanda ke kan titi abin da suke nema ke nan, a cire musu gwamnatin da ba su zaɓa ba. Wanda zai fusata shi ne Akintola, da kuma Kaduna. NCNC na cikin gwamnati a lokacin, da wuya ta ƙi goyon baya, 'yan AG ma haka. Abin da ya rage shi ne 'yan majalisar NPC, ko za su bi Firayim Minista ko za su bi shugaban jam'iyya, kuma bai taɓa kai su ga wannan zaɓin ba.

Injiniya
Da ya kai su, Barista, da ranar za a sauke shi a ɗora wani wanda ko sauraron Kudu ba zai yi ba. Muhammadu Ribaɗu, ministan tsaro, ya riga ya rasu tun Mayu 1965, kuma shi ne mutumin da Kaduna da Legas duka ke jin nauyinsa. Ba shi da wanda zai tsaya masa.

Barista
Rashin Ribaɗu babban giɓi ne, ban musa ba. Amma mutumin da ya miƙe gaban sarakuna a 1950 ba shi da Ribaɗu a bayansa, ba shi da kujerar minista, albashin malamin makaranta kawai gare shi, kuma ya yi maganar. Shi nake nema a 1965, Ummi, kuma shi za ki tambayi 'yan ajinku inda ya shiga.